Idan Fury da Joshua Suka Haɗu, Wa Zai Yi Nasara?

"Assalamu alaikum, Malam. A majalisarmu da ke Fagge mun daɗe muna gardama a kan Tyson Fury da Anthony Joshua. Wasunmu na cewa tun da Francis Ngannou ya kai Fury ƙasa, shi kuwa Joshua ya gama da Ngannou a turmi na biyu, ai magana ta ƙare, Joshua ne zai ci. Wasu kuma na cewa Joshua ba ya jure duka. Idan har aka haɗa su, wa kake ganin zai yi nasara, kuma da wace hujja?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka ta ƙunshi abu biyu da ya kamata a raba su kafin a amsa. Na farko, shin abin da ya faru tsakanin kowannensu da Ngannou ya isa a yanke hukunci da shi? Na biyu, idan bai isa ba, me ya kamata a duba? Ba zan ja maka rai ba, ra'ayina shi ne Fury ya fi kusa da nasara, kuma mafi rinjayen zatona da maki zai ci bayan turmi 12, sai dai ratar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda magoya bayansa suke ɗauka ba, ta ma ragu ƙwarai a kan yadda take a 2021. Na daɗe ina horar da matasa damben boksin a nan Kano, don haka hujjojina wasu daga tarihin wasannin mutanen biyu suka fito, wasu kuma daga abin da nake gani da idona a wajen atisaye.

Dukansu 'yan Birtaniya ne, kuma a ajin masu nauyi suke dambe. An haifi Fury a Manchester a watan Agustan 1988, tsawonsa santimita 206, faɗin hannayensa idan ya miƙe su kuma 216. An haifi Joshua a Watford a watan Oktoban 1989, tsawonsa santimita 198, faɗin hannayensa 208, ya kuma ci lambar zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Asalin danginsa Shagamu ne a jihar Ogun, kuma na san wannan ne ya sa zuciyar yawancinmu take wajensa, har da ni. A 2021 saura ƙiris su haɗu, lokacin da Joshua yake riƙe da kambun duniya na hukumomin dambe na WBA da IBF da WBO, Fury kuma yake riƙe da na WBC. An tsayar da ranar 14 ga Agusta a Saudiyya, sai mai sasanci a Amurka ya yanke hukunci a watan Mayu cewa wajibi ne Fury ya ba Deontay Wilder ɗan Amurka karo na uku. A watan Satumbar shekarar Oleksandr Usyk na Yukren ya ƙwace kambunan Joshua a Landan. An sake tayar da maganar a ƙarshen 2022, ta sake rushewa. Saboda haka duk ranar da suka haɗu, mutum biyu ne za su hau fage da kowannensu ya haura shekara 35, kuma kowannensu Usyk ya doke shi sau biyu.

Lissafin wane ya doke wane

Hujjar abokanka ta Ngannou tana da ƙarfi a ido, amma ba ta ɗaukar nauyin da aka ɗora mata. A watan Oktoban 2023 a Riyad, Ngannou ɗan Kamaru yana yin wasansa na farko ne a damben boksin na ƙwararru, babu wanda ya taɓa ganin yadda yake tsayuwa ko yadda yake kare kansa da safar dambe. Ya kai Fury ƙasa da naushin hagu a turmi na uku, Fury ya tashi ya ci wasan da kyar, alƙalai biyu suka ba shi, ɗaya ya ba Ngannou. A ganina Fury ya raina wasan bai shirya masa yadda ya kamata ba, amma akwai dalilin da ya fi wannan muhimmanci. Babban makamin Fury idan an matso kusa shi ne ya rungumi abokin karawarsa ya sakar masa nauyi, shi kuwa Ngannou daga UFC ya fito, wato gasar faɗan da ake haɗa dambe da kokawa, inda kokawa da riƙe-riƙe suke cikin sana'arsa ta kullum, don haka a wannan fanni ya fi Fury ƙarfi. Da Joshua ya haɗu da shi a watan Maris na 2024, yana da turmi goma na hoton bidiyo da zai nazarta, ya ga mutum ne mai tsayuwa a miƙe wanda ba ya kawar da kai, irin wanda naushin dama miƙaƙƙe yake samu cikin sauƙi. Ya kai shi ƙasa a turmi na farko, ya sake kai shi sau biyu a na biyu.

Idan kuma za a bi wannan lissafi, to a bi shi har ƙarshe, domin ba Ngannou kaɗai suka haɗa ba. Otto Wallin na Suwidin ya fasa wa Fury gira a 2019 har aka yi masa ɗinki 47, ya kuma kai shi turmi 12, alhali Joshua ya sa Wallin ya haƙura bayan turmi na biyar a Disambar 2023. Wannan ma na Joshua ne. Amma Wladimir Klitschko fa? Fury ya bi shi har Jamus a Nuwambar 2015, lokacin da ya yi kusan shekara goma yana riƙe da kambu, ya hana shi sakat, ya doke shi da maki ba tare da ya sha wani duka na kirki ba. Joshua ya haɗu da shi a filin Wembley na Landan a Afrilun 2017, Klitschko yana da shekara 41 kuma ya yi wata 17 bai yi wasa ba, duk da haka sai da ya kai Joshua ƙasa a turmi na shida kafin Joshua ya gama da shi a na 11. Dillian Whyte kuwa Joshua ya tsayar da shi a turmi na bakwai a 2015 bayan shi ma ya jijjigu a na biyu, Fury kuma ya tsayar da shi a na shida a 2022. Ka ga lissafin yana nuna gabas yana nuna yamma.

Tarihin wannan aji ya daɗe da koyar da haka. Joe Frazier ya doke Muhammad Ali a 1971, George Foreman ya ragargaza Frazier cikin turmi biyu a 1973, kowa ya ɗauka Ali ba zai kai labari ba, sai ga shi a Kinshasa a 1974 ya kwantar da Foreman a turmi na takwas. Salon mutum shi ke tantance wanda zai ba shi wahala, kuma salon da ya wahalar da Fury a hannun Ngannou ba shi ne salon Joshua ba.

Abin da mutum yake yi bayan ya ji duka

A nan ne nake ganin za a raba gardama, kuma a nan ne mu mutanen Kano muke yawan kuskuren karanta boksin, saboda idonmu ya saba da damben gargajiya. A gidan dambe na Ado Bayero Square, da zarar hannu ko gwiwar ɗan dambe ya taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. A boksin faɗuwa asarar maki ce kawai, yawanci alƙalai su rubuta 10 da 8 a wannan turmi, muddin mutum ya miƙe kafin rafali ya ƙirga goma kuma ya nuna yana cikin hayyacinsa. Ɗan ƙasarmu Samuel Peter ya kai Wladimir Klitschko ƙasa sau uku a 2005, amma Klitschko ne ya ci wasan da maki, domin ya ci kusan duk sauran turamen. Don haka idan manya biyu masu nauyin sama da kilo 100 za su yi turmi 12 na minti uku-uku, ni ba na tambayar wa zai ji duka, domin dukansu za su ji. Ina tambayar me kowannensu yake yi a cikin minti ɗayan da ya biyo baya.

Dubi Fury a turmi na 12 na wasansa na farko da Wilder a Los Angeles, Disambar 2018. Naushin dama ya same shi, na hagu ya biyo baya yana kan hanyar faɗuwa, ya zube rigingine bai motsa ba, Wilder har ya juya ya fara murna. Rafali ya durƙusa a kansa yana ƙirga, sai mutumin ya buɗe ido ya tattara jikinsa ya miƙe kafin goma, kuma kafin turmin ya ƙare shi ne yake bin Wilder da naushi. A karo na uku a 2021 Wilder ya kai shi ƙasa sau biyu a turmi na huɗu, amma shi ya kwantar da Wilder a na 11. A wasansa na farko da Usyk a Mayun 2024, a turmi na tara, ya yi ta tangaɗi daga wannan igiya zuwa waccan har rafali ya yi masa ƙirga, duk da haka ya dawo ya kammala wasan a tsaye yana mayar da martani. Har zuwa wasansa na biyu da Usyk a Disambar 2024, babu wanda ya taɓa tsayar da shi kafin ƙarshen wasa.

Joshua ma ya taɓa nuna wannan zuciya, kuma adalci ne a faɗa, domin tashin da ya yi a gaban Klitschko ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da ya biyo baya ya nuna wata ɗabi'a da ta maimaita kanta. A Yunin 2019 a New York, shi ya fara kai Andy Ruiz ƙasa a turmi na uku, ya yi gaggawar gamawa da shi, sai naushin hagu ya same shi a gefen kai. Daga nan ƙafafunsa ba su dawo daidai ba har aka tsayar da wasan a turmi na bakwai, bayan ya faɗi sau huɗu. A Satumbar 2024 a Wembley, Daniel Dubois ya same shi da naushin dama a ƙarshen turmi na farko, kuma bai gama farfaɗowa ba har turmi na biyar, inda ya samu sa'a ya jijjiga Dubois, ya sake rugawa domin gamawa, ya buɗe haɓarsa, gajeren naushin dama ya kwantar da shi. Abu biyu nake karantawa a nan. Joshua yana jinkirin dawowa hayyacinsa idan duka ya shige shi, kuma lokacin da ya fi shiga haɗari shi ne lokacin da yake ganin ya kusa cin wasa.

A wajen atisaye wannan ne abin da na fi sa wa ido a jikin yaro, fiye da ƙarfin naushinsa. Idan aka sami wani da naushi mai kyau, za ka ga nan take ya matsa jikin abokin karawarsa, ya saƙale masa hannu a ƙarƙashin hammata, ya kwantar da kansa a kafaɗarsa, ya juya shi, kafin a raba su ya saci daƙiƙa goma kansa ya washe. Wani kuma sai ka ga ya miƙe ƙyam, ya ɗaga hannu biyu ya rufe fuska, ya ja da baya a miƙe, idonsa yana neman inda nake tsaye. Ana iya koya wa na biyun dabarar na farkon, ina kuma koyarwa, amma a lokacin da kai ya ɗauki zafi jiki ba ya tuna darasin jiya, abin da ya saba da shi tun yarinta yake yi. Fury a gidan 'yan dambe ya tashi, tun yana yaro yake sa safa. Joshua sai da ya kai shekara 18 ya fara. Ci gaban da ya samu cikin 'yan shekaru har ya ci zinare abin mamaki ne, amma wannan giɓi yana bayyana a daidai irin wannan lokaci.

Tazara da nauyi

Fury yana da salo biyu, kuma kowanne yana da abin da zai yi wa Joshua. Na farko shi ne wanda ya yi wa Klitschko, wato yawo a fage, motsa kafaɗa da hannu kamar zai kai naushi ya fasa, sauya tsayuwa daga ta dama zuwa ta bahago, da tsikarar mutum da hannun gaba daga nesa. Joshua yana buƙatar ya kafa ƙafafunsa kafin ya saki damarsa, kuma tun bayan Ruiz ya zama mai yawan lissafi kafin ya kai hari. Usyk ya nuna cewa idan aka cika masa ido da motsin yaudara, sai ya tsaya yana jira, turmi yana wucewa. Fury ba shi da saurin ƙafar Usyk, amma ya fi Joshua tsawon hannu, abin da Joshua bai saba haɗuwa da shi ba.

Salo na biyu shi ne wanda ya ɗauka bayan ya koma hannun koci SugarHill Steward, ya kuma yi wa Wilder a Fabrairun 2020, inda ya taka gaba, ya tura shi baya, ya riƙa kwantar masa da nauyi a wuya har masu horar da Wilder suka jefa tawul, alamar sun haƙura, a turmi na bakwai. A manyan wasanninsa tun daga lokacin nauyin Fury yana kaiwa tsakanin kilo 119 da 127, Joshua kuma yawanci tsakanin 107 da 116. Mutum mai tarin tsoka irin Joshua jikinsa yana cin iska da yawa, kuma an sha ganin haka. Bayan ya zazzage ƙarfinsa a kan Klitschko a turmi na biyar, sai da ya yi turame da dama yana neman numfashi. A karo na biyu da Usyk a Jidda a 2022 ya yi turmi na tara mai kyau ƙwarai, amma a na goma Usyk ne ya dawo ya mamaye shi. Idan Fury ya samu ya riƙa jingina masa kilo goma na ƙari tun daga turmi na uku ko na huɗu, ina sa ran daga na takwas hannayen Joshua za su yi nauyi. Sai dai a lura, Joshua ya fi Wilder ƙarfin ƙafa da ƙugu nesa ba kusa ba, ba zai turu cikin sauƙi ba, kuma idan aka sami rafali mai saurin raba riƙo, rabin wannan dabara ya tafi.

Ta inda Joshua zai iya ci

Hanyarsa a buɗe take, shi ya sa na ce ratar ba ta da yawa. Naushin dama mai zuwa ta sama ya sha kai Fury ƙasa tun yana matashi, Neven Pajkic ya yi masa a 2011, Steve Cunningham wanda ya taso daga ajin da ke ƙasa da nasu ya yi masa a 2013. Wilder yana da naushi ɗaya mai kisa amma ba ya iya jera naushi a tsare, shi kuwa Joshua idan ya sami mutum yana biyo shi da uku ko huɗu, har da wanda yake tasowa daga ƙasa zuwa haɓa, irin wanda ya girgiza Klitschko da shi. Tashi daga naushi ɗaya daban, tsira daga jerin naushi daban. Ga shi kuma ƙafafun Fury ba na 2015 ba ne, ya sha duka mai yawa a wasanni uku da Wilder da biyu da Usyk, kuma yana da ɗabi'ar jingina da igiya yana wasa da abokin karawa, wadda a gaban Joshua za ta iya jawo masa abin da ba ya so. Akwai kuma girarsa ta dama, wadda ta sake fashewa a atisaye a farkon 2024 har aka ɗage wasansa da Usyk daga Fabrairu zuwa Mayu. Hannun gaba na Joshua yana da nauyi, zai iya buɗe ta, likita ya tsayar da wasa.

Da ni ne a kusurwarsa, zan ce masa ya manta da kan Fury a turame uku na farko, ya riƙa dukan ƙirji da ciki da hannun gaba, domin kai yana gocewa amma gangar jiki mai wannan girma ba ta da inda za ta ɓuya. Ya tare masa hanya maimakon ya bi bayansa, ya tara maki da wuri, kuma idan ya jijjiga shi kada ya ruga. Ben Davison, wanda ya horar da Fury lokacin da ya dawo dambe a 2018 har zuwa wasan Wallin, shi ne kuma ya tsaya wa Joshua a wasanninsa da Wallin da Ngannou da Dubois, don haka sirrin Fury ba baƙo ba ne a wajen Joshua. Matsalar ita ce wannan tsari yana buƙatar haƙuri da ƙarfin hali a lokaci guda, kuma tun 2019 Joshua yakan kawo ɗaya ya bar ɗaya.

Iyakar hasashe

A wannan aji naushi ɗaya yana rushe duk wani nazari. Buster Douglas ya kwantar da Mike Tyson a Tokyo a 1990 lokacin da kusan babu wanda ya ba shi dama, Hasim Rahman kuma ya kwantar da Lennox Lewis a Afirka ta Kudu a 2001, kafin Lewis ya rama a cikin shekarar. Ga kuma tsufa, wanda a dambe ba ya sallama, mutum yakan hau fage ne kawai ya tarar ƙafarsa ba ta bin umarninsa, kuma wannan zai iya faɗa wa kowanne daga cikinsu. Saboda haka idan na ce a cikin haɗuwa goma zan ba Fury shida in ba Joshua huɗu, kiyasina ne na mai horarwa, ba alƙaluman wani bincike ba, kuma ina roƙon matasan majalisarku kada wani ya ɗauki wannan ya kai shagon caca, domin ba don haka na rubuta ba. A cikin shidan Fury, mafi yawa da maki ne, saura kuma tsayarwa a turamen ƙarshe bayan Joshua ya gaji. A cikin huɗun Joshua, kusan duka bugun da zai ƙare wasa ne kafin turmi na bakwai, domin da wuya in ga ya fi Fury tara maki a turmi 12.

Abin da zai sa in sauya ra'ayi shi ne in ga Fury ya zo awon nauyi da teɓa fiye da yadda ya saba, ko in ga a wasan da ya yi kafin wannan ƙananan naushi suna samunsa waɗanda a da yake gocewa. Idan kuma ranar ta zo kuna gidan kallo, ku sa ido a kan turame uku na farko. In hannun gaba na Joshua yana isa ƙirjin Fury, kuma Fury ne yake ja da baya zuwa igiya ba da son ransa ba, to Joshua yana kan hanya. In kuwa kuka ga Joshua yana tsaye a tsakiyar fage yana lissafi, hannunsa na dama a maƙale a haɓa bai sake shi ba, Fury kuma yana taɓa shi yana rungume shi, to wasan ya karkata wajen Fury tun kafin a kai rabi.